Dogon ƙwai na bankwana: abin da ya kamata mu sani kafin mu koma LED

Daga Suleja nake rubuto wannan, kuma zancen ƙwan fitila zan yi. Na san wani zai ce duk matsalolin da ke ƙasar nan ƙwai kaɗai na gani. To, a ɗan yi haƙuri da ni, maganar kuɗi ce, kuma ta shafi duk mai shago, mai teburin tsire, da duk wanda ke cikin kwamitin masallaci a Agege, Mile 12, Sabo Ibadan ko Sagamu.

Babanmu falken shanu ne, yana kaiwa Legas, yana kuma cikin dattawan da ke kula da masallacin layinmu. Bayan wani azumi da kuɗin man janareta ya kusa cinye asusun masallacin, sai ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi boko, zauna ka lissafa mana ina kuɗin nan ke tafiya." Da na zauna, sai na ga bayan fankoki, ba abin da ke jan wuta kamar dogayen ƙwayayen nan guda 10 da aka ɗaura tun ina yaro.

Me ya sa maganar ta taso yanzu? Dalilai uku ne. Na farko, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareta ya zama abin da sai an yi shawara. Na biyu, a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, kodayake an ɗan rage daga baya. Mu nan AEDC ce ke ba mu wuta, kuma duk da cewa a jiharmu ta Neja ake da madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru, ba mu tsira daga janareta ba. Ku da ke ƙarƙashin kamfanonin Ikeja, Eko ko Ibadan, kun fi ni sanin yadda kati ke ƙarewa tun wata bai raba ba.

Dalili na uku shi ne wanda mutane da yawa ba su ji ba: dogon ƙwan da kansa yana kan hanyar fita daga kasuwa. A cikinsa akwai zaiba, wadda ake kira makuri, kuma guba ce ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman na yara. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira Minamata, sunan wani gari a Japan da wannan guba ta nakasa mutanensa a shekarun 1950. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. A taron da aka yi a Geneva a ƙarshen 2023, ƙasashen suka tsayar cewa zuwa 2027 za a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye da shigo da su. Tarayyar Turai ma tun 2023 ta hana kawo sababbi kasuwarta. Ke nan ko ba ka so, ranar da za ka je neman dogon ƙwai ka rasa, ko ka samu ragowar tsohon kaya, tana nan tafe.

Ga lissafin da na yi wa Baba. Dogon ƙwai mai ƙafa huɗu wat 36 aka rubuta a jikinsa, amma cok ɗin da ke cikin gidan ƙwan shi ma yana shan nasa, har jimilla ta kai kusan 45. Ƙwan LED mai tsawo ɗaya da shi wat 18 yake ja. Bambancin wat 27 ne a kowane ƙwai. Idan kana da guda 10 kana kunna su awa 10 a rana, ka rage yunit 2.7 kullum, wato yunit 81 a wata. Ka ɗauka yunit naira 200 don lissafin ya yi sauƙi: naira 16,200 ke nan a wata ɗaya. A kan janareta kuwa, nauyin da aka sauke masa ya isa ya ɗauki wasu fankoki ba tare da yana nishi ba. Mai sola ma batirinsa zai fi kai shi asuba.

Akwai wani amfani da ba ya cikin lissafi. Duk wanda ya zauna a unguwar da wuta ke zuwa ba ƙarfi ya san yadda dogon ƙwai ke ta ƙiftawa ya ƙi kamawa. Yawancin LED masu kyau suna kamawa ko wutar ta yi ƙasa. Ka duba kwalin, ana rubuta iyakar ƙarfin wutar da yake ɗauka.

Amma a nan ne ake yin kuskure, kuma mu ma mun yi. Muka sayo mafi araha a wani shago, muka zare tsofaffin muka cusa sababbin, muka ce an gama. Wata bai cika ba uku suka mutu, ɗaya ya koma haske kamar na aci-bal-bal. Baba ya dube ni ya ce, "To, malam ɗan boko, ina ribar?" Ranar na ji kunya ba kaɗan ba. Sai da muka kira mai gyaran wuta ya nuna mana abu biyu: kayan da muka saya ba su da inganci, sannan ba kowane LED ne ake cusawa a tsohon gida haka kawai ba.

Abin da na koya shi ne, gidan ƙwan ba sai an jefar ba, amma sai an duba cikinsa. Idan mai tsohon cok ne mai nauyi da sitata, akwai LED da ke zuwa da tasa sitatar, ka cire tsohuwar ka sa ita. Wannan ya fi sauƙi, sai dai cok ɗin yana nan yana ɗan shan wuta. Hanyar da ta fi ita ce a cire cok da sitata gaba ɗaya, a haɗa waya kai tsaye. A nan ma akwai iri biyu: wani ƙwan ta kai ɗaya wuta ke shigarsa, wani ta kawunan biyu. Idan aka haɗa ba daidai ba, ko ya ƙi kamawa ko waya ta yi tartsatsi. Don haka wannan aikin na mai sana'ar ne, kuma a kashe wuta daga babban makunni kafin a taɓa komai. Bayan an gama, a rubuta a jikin gidan cewa an cire cok, kada gobe wani ya mayar da tsohon ƙwai ciki.

Sai maganar da masu talla ba sa faɗa. Idan ba ka da mita, bil na ƙiyasi ake kawo maka, to ko ka sauya duk ƙwayayen gidanka kuɗin ba zai sauka ba, domin ba abin da ka sha ake aunawa ba. Miliyoyin 'yan Najeriya a haka suke, kuma da yawa daga cikin mutanenmu a Kudu haya suke zaune, mita ɗaya a gida mai ɗaki 15, ana raba kuɗi ta yawan ɗaki ko yawan ƙwai. A irin wannan gida, sai kowa ya sauya tare sannan za a ga bambanci, ko a zauna da mai gida a sake tsarin rabon. Ina ganin nan ne sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni za su yi amfani: a nemi mita a ƙungiyance, a sayi ƙwai a sari daga wanda zai ba da garanti a rubuce, a riƙe rasit. Hukumar SON ce ke da alhakin hana shigo da jabun kaya, amma kafin ta iso layinku, idonku ne zai tsare aljihunku.

Tsofaffin kuma kada a bar wa yara su fasa suna wasa da farin garin ciki, kada a jefa a wuta ko a kwata. A naɗe su a kwalinsu a ajiye inda ba za su fashe ba. Idan ɗaya ya fashe a ɗaki, a buɗe tagogi, a fitar da yara, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya garin ya tashi.

A masallacinmu, karo na biyu ba mu yi gaggawa ba. Muka fara da sahun gaba, muka jira muka ga sun daɗe, sannan muka sauya sauran. Yanzu ladan ba ya tsayawa jiran ƙwai ya gama ƙiftawa da asuba. Baba kuma da zai koma Legas ya ce in rubuta masa lissafin a takarda, zai kai wa abokansa na Kara.

Allah Ya sa mu dace, Ya kawo mana sauƙin rayuwa.