Garkuwa Sunanta Garkuwa

'Yan uwa marubuta, ku daina haɗiye maganar gwamnati ba tauna. A Disambar 2018 Kanada ta kama Meng Wanzhou ta kamfanin Huawei. Cikin 'yan kwanaki Sin ta cafke ɗan kasuwar Kanada Michael Spavor, ta ce leƙen asiri yake, ta yanke masa shekara 11. Ranar da aka saki Meng, a Satumbar 2021, ranar aka sa shi a jirgi sai gida. Ina sauran shekarun?

Mu da ke bin hanyar Tsafe zuwa Gusau gaba na faɗuwa mun san wannan ciniki: a riƙe mutum sai an biya. Ɗan Bungudu ba zai kira shi shari'a ba. Don me in hukuma ce ta yi, sai ku rubuta "an kama ɗan leƙen asiri" ku wuce?