Mazan jiya da lambar yabon da ba ta cikin dosiye

Ranar 10 ga watan Nuwamba na shekarar 1998, wani dattijo mai shekaru 104 da ake kira Abdoulaye Ndiaye ya rasu a ƙauyensu na Thiowor, cikin ƙasar Senegal. Washegari ne aka shirya jakadan Faransa zai je ya maƙala masa lambar girma ta Légion d'honneur. Shi ne na ƙarshe da aka sani cikin sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙin 1914-1918. An ji masa rauni a Beljik a 1914, aka sake ji masa wani a ka a fagen Somme a 1916. Ko kuɗin fansho ma, sai a 1949 ya samu labarin cewa yana da haƙƙi. Bayan shekara 80 da ƙare yaƙi, lambar ta makara da kwana guda.

Labarin ya shafe mu, domin sunan "tirailleurs sénégalais" da Nasara suka laƙaba wa waɗannan sojoji suna ne kawai. A cikinsu akwai ƴan Mali, da ƴan Burkina, da ƴan Gine, da namu na Nijar da aka ɗiba daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Dosso da sauran wurare. Sun yi yaƙin duniya na biyu, sun je Indochine, sun je Aljeriya. Shi kansa marigayi Janar Seyni Kountché ta wannan hanya ya biyo kafin ya shigo rundunar ƙasarmu. Waɗanda suka rage da rai ƴan kaɗan ne, amma matansu da ƴaƴansu suna nan cikin unguwanninmu, wasu ma a rumfar da ke kusa da taku.

Ku da kuke kasuwa kun fi kowa sanin yadda bashi yake. Idan kika ba mutum buhun gero bashi, ke ce kike rubutawa, littafin kuma yana cikin adakarki. To, a wannan sha'ani na mazan jiya abin a juye yake: littafin bashin yana hannun wanda ake bi. Shi ya rubuta, shi ya adana, shi ne kuma zai buɗe ya ce ya gani ko bai gani ba.

Ga yadda abin ke gudana. Tsohon soja ya zo ya ce an harbe shi a wuri kaza, komandansa ya yabe shi gaban jama'a, an ce za a ba shi lamba. Hukumar sojan Faransa ba tabon da ke jikinsa za ta duba ba. Za ta aika birnin Pau, a kudu maso yammacin Faransa, inda ake ajiye dosiyen sojojin da aka ɗauka daga ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. A can za a fiddo takardar da ke ɗauke da ranar da ya shiga soja, da bataliyoyin da ya zauna, da rauni ko yabo in an rubuta. Abin da ke cikin wannan takarda shi ne ya faru. Abin da babu a ciki, a wurinsu bai faru ba. Game da yaƙin 1939-1945 kuwa, an daɗe da rufe ƙofar bayar da sabon yabo. Iyakar abin da za a yi wa mutum shi ne a tabbatar masa da wanda aka riga aka rubuta.

Ina ake samun cikas? Tun ranar farko. Magatakardan da ya rubuta sunan ba ya jin Hausa, ba ya jin Zabarmanci. Yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta. Mahamadu ya koma Mamadou a wata takarda, Mamane a wata. Ranar haifuwa babu, sai "an haife shi wajen shekara kaza". A bataliya guda ana iya samun Abdou biyar da Issoufou huɗu. Wanda ya yi jarumta da wanda aka rubuta wa yabon suna iya zama mutum biyu dabam. Ga kuma ɗan littafin soja da aka ba mutum ya taho da shi gida: gara ta ci, ko ruwan damina ya jiƙa, ko gobara ta lashe.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a kan ɗan ƙarfe da ƙyalle? In don kuɗin lambar ne, gaskiyarsa. Abin da Faransa ke biyan mai Médaille militaire a shekara Yuro 4,57 ne, wato kimanin jika 3 na sefa. Mai ƙaramin matsayin Légion d'honneur, Yuro 6,10, wajen jika 4. A shekara fa, ba a wata ba. Ko kuɗin cefanen yini biyu bai kai ba a gida mai iyali.

Amma rubutun da ke bayan lambar shi ne mabuɗin wata ƙofa. Kafin a ba mutum katin ɗan mazan jiya, wanda suke kira carte du combattant, sai ya nuna ya yi kwana 90 cikin bataliyar da hukuma ta amince ta shiga wuta, ko an ji masa rauni a fagen daga, ko an rubuta masa yabo da sunansa. Ke nan layi guda na yabo cikin dosiye yana iya tsayawa a madadin kwanakin da aka kasa ƙirgawa. Mai wannan kati, in ya kai shekara 65, yana da kuɗin da a 2024 suka ɗan haura Yuro 800 a shekara, sama da jika 500 ke nan. Wannan kam jari ne. A nan iyayenmu mata su lura da wani abu: wannan kuɗi na kati yana tsayawa ne ranar da mai shi ya rasu, ba a gadonsa. Wanda matar marigayi ke iya samun kaso a ciki shi ne fanshon wanda ya yi doguwar hidima a soja, ko na wanda ya nakasa. Shi ma sai takardar aure ta dace da sunan da ke cikin dosiye.

A ganinmu, jinkirin nan ba ya rasa nasaba da lissafi. Dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamban 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun ƴancin kai. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na wanda suka kwanta rami guda da shi yana tsaye cik. Wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun da ke shari'a tsakanin gomnati da jama'a a Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamban 2001, ta ce wariya ce. Shi kuwa ya riga ya rasu. Sai da fim ɗin Indigènes ya fito a 2006 kafin shugaba Jacques Chirac ya sa aka daidaita kuɗin kati da na nakasa daga 2007. Sauran fansho sai da kotun tsarin mulki ta sa baki a watan Mayun 2010, gyaran ya soma a 2011, kuma wani ɓangarensa sai wanda ya rubuta ya nema. Tsohon da ke ƙauye bai san an yi ba, balle ya nema. Kowace shekarar da aka ja, masu bin bashi suna raguwa.

Haka batun Thiaroye, kusa da Dakar, inda ranar 1 ga Disamban 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta kan ƴan uwansu baƙaƙe da suka dawo daga zaman fursunan yaƙi suna neman kuɗinsu. Rahoton soja ya ce mutum 35. Shugaba François Hollande a 2014 ya ambaci 70. Masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. A 2024 aka rubuta wa mutum 6 shaidar cewa sun mutu ne domin Faransa. Shida kawai, saboda su ne aka ce an ga dosiyensu. Firaministan Senegal na lokacin, Ousmane Sonko, ya mayar da martani cewa ba Faransa ce ita kaɗai za ta yanke adadin ba. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara shugaba Emmanuel Macron ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

A nan Nijar an samu ƙarin wani shinge. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojojin Faransa sun fice a Disamba, aka kuma rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, ba shi muke tattaunawa ba. Abin da muke cewa shi ne, rabuwar gomnatoci ba ta goge bashin tsoho, kuma ya kamata magabata su faɗa wa iyalai a fili ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ya kamata kuma ƙasa ta nemi kofin dosiyen ƴaƴanta dukansu, a ajiye a nan gida, yadda jikan da ke Madawa ko Tasawa zai iya zuwa ya duba ba tare da ya aika wasiƙa ƙetaren teku ba.

Sannan mu dubi namu littafin. Sojoji 71 suka kwanta dama a Inates a Disamban 2019, wasu 89 a Chinagodrar a Janairun 2020. Waɗanda suka fita da rai daga waɗannan wurare da raunuka a jiki, yau samari ne. Nan da shekara 40 su ne tsofaffin da za su zo biro da sanda. Shin an rubuta wa kowannensu ranar, da wurin, da raunin, da sunansa daidai? An ba shi kofi ya kai gida?

Ga iyalan da ke da tsohon soja, a raye ko ya rasu, abu uku ake fara tambaya a Pau: lambar sojansa, wato matricule, da shekarar da aka ɗauke shi, da garin da aka ɗauke shi. Lambar ta fi suna ƙarfi, domin ita ba ta da kishiya. A duba ƙasan adaka, a fiddo duk wata tsohuwar takarda ko da ta yage, a yi mata hoto. Ta asalin kuwa kada a miƙa wa kowa, ko da ya zo da rigar hukuma ya ce zai bi muku dosiye.