Jiha Ba Ta Zama a Kujerar Ofis

Ra'ayin da ya yi kaka-gida a muhawarar ɗaukar ma'aikata a Najeriya shi ne cewa adalci a aikin gwamnati lissafi ne na jihohi, wato da zarar kowace jiha ta samu kasonta na kujeru a ma'aikatu da hukumomin tarayya, to an sauke nauyi. Shi ya sa duk lokacin da aka fitar da sunayen waɗanda aka naɗa, masu sharhi kan ƙirga 'yan Arewa da 'yan Kudu, su yi ta cacar baki, ba tare da tambayar ko su wane ne aka bari a bakin ƙofa a cikin kowace jiha ba. Wannan ra'ayi kuskure ne mai cutarwa, domin jiha ba ta neman aiki kuma ba ta ciyar da iyali, mutum ne yake yin haka.

Ƙa'idar raba daidai, wato sharaɗin cewa gwamnati ta ƙunshi dukan sassan ƙasa ba tare da wani yanki ko wata ƙabila ta mamaye ta ba, tana da tushe mai kyau. Janar Murtala Muhammad ya gabatar da ita ga kwamitin rubuta tsarin mulki a 1975, ta shiga tsarin mulkin 1979, tana nan a sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, kuma a 1996 aka kafa Hukumar Raba Daidai, wadda ta ƙayyade wa kowace jiha tsakanin kashi 2.5 da kashi 3 cikin 100 na ma'aikatan kowace hukuma. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa, wadda ilimin boko ya riga ya kafu a kudancinta shekaru masu yawa kafin arewacinta, tana buƙatar irin wannan garkuwa, kuma masu neman a rushe ta da sunan cancanta ba su kawo abin da zai maye gurbinta ba. Cutar tana cikin ma'aunin da aka zaɓa.

Ma'aunin shi ne asali, wato ƙaramar hukumar da aka jingina iyaye ko kakannin mutum gare ta, ba garin da aka haife shi ko yake biyan haraji ba, kuma takardar shaidar zama ɗan asali, wadda ƙananan hukumomi ke bayarwa ko su hana, ita ce mabuɗin aikin tarayya. Bahaushen Jos wanda kakanninsa suka zauna a can tun zamanin haƙar kuza, da ɗan ƙabilar Ibo wanda aka haifa a Sabon Garin Kano, matsala ɗaya suke fama da ita, domin inda suka tashi ana ce musu baƙi, inda aka ce nan ne asalinsu kuwa sau da yawa babu wanda ya san su. Ba ƙaramin al'amari ba ne, ganin cewa taƙaddama kan naɗin Bahaushe a muƙaman ƙaramar hukumar Jos ta Arewa tana cikin abubuwan da suka haddasa tarzomar Jos ta 1994 da ta 2001. A 2011 kuma gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikata masu yawa saboda ba 'yan asalin jihar ba ne, alhali galibinsu maƙwabta ne masu harshe ɗaya da ita.

Mata sun fi kowa ɗanɗana wannan kuɗa. Ƙa'idojin hukumar sun ce matar aure za ta ci gaba da neman kasonta a jihar iyayenta, sai ta tsinci kanta tsakanin jihar da ta baro tun tana ƙuruciya da jihar mijin da ba ta karɓe ta ba. A 2012 an ƙi rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara tare da takwarorinta, saboda haifaffiyar Anambra ce aka gabatar a gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta daɗe tana alƙalanci, sai da aka yi ca kafin aka rantsar da ita. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta yi wa mata alkawarin kashi 35 cikin 100 na muƙamai, Babbar Kotun Tarayya ta umarci a cika shi a 2022, amma tsarin da ke ƙirga jihohi zai iya cika sharaɗinsa da maza zalla.

Haka masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna musu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024, ofisoshi da yawa kuwa har yanzu matakalar bene ce ke tarbar mai neman aiki.

Ko kason jihar ma, wa yake ci? Binciken da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi a 2023 ya ji shaidu kan sayar da guraben aiki, da kan izinin da ake bai wa hukumomi su ɗauki ma'aikata ba tare da tallata guraben ba, kuma gurbin da ba a tallata ba 'ya'yan masu hanya kaɗai ke jin labarinsa, ɗan manomin karkara kuwa da sunan jiharsa ake karɓa, ba ya gani. Gyaran da ake buƙata shi ne a ɗauki haihuwa ko daɗewar zama a matsayin hujjar neman kason jiha, a bar matar aure ta zaɓi jiharta, a hana ɗaukar aiki a ɓoye, a kuma tilasta wa kowace ma'aikata ta buga adadin matanta da masu buƙata ta musamman a kowane matakin albashi, kamar yadda take miƙa lissafin jihohi ga Hukumar Raba Daidai.