VAR: Abin da Kyamara Ke Iya Aunawa da Wanda Ya Fi Ƙarfinta

Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a Dutsin-Ma ko Kurfi daren 7 ga Fabrairu, 2024, zai daɗe bai manta ba. Nijeriya tana karawa da Afirka ta Kudu a birnin Bouaké, wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka. Osimhen ya jefa ƙwallo ta biyu, ihu ya kaure, sai alƙalin wasa ya nufi allon gefen fili. Da ya dawo ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu fanareti, domin tun farkon harin Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau a can ɗaya ragar. Nijeriya dai ta tsallake a bugun fanareti da 4 da 2, amma gardama ta kwana. Wasu suka ce na'ura ba ta ƙarya, wasu suka ce da ita ake cuta.

A ganina duka ɓangarorin biyu sun ɗora wa kyamara kayan da ba nata ba. Lokacin da aka shigar da VAR cikin dokokin wasa a 2018, abubuwa huɗu aka keɓe mata: cin ƙwallo, fanareti, jan kati kai tsaye, da hukunta wani ɗan wasa a madadin wani. Daga cikin tambayoyin da ke tasowa, wasu na awo ne, wasu kuwa na hukunci.

Mu ɗauki satar gida, wadda awo ce. Kyamarar talabijin takan ɗauki hoto 50 a daƙiƙa guda. Ɗan wasan da ke gudun mita 8 a daƙiƙa yakan ci santimita 16 tsakanin hoto da hoto. To, idan an soke ƙwallo a kan tazarar santimita 3, alhali ba a tabbatar da hoton da ƙafa ta taɓa ƙwallon ba, an yi iƙirarin sanin da na'urar ba ta mallaka ba. Ɗalibin kimiyyar lissafi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya san wannan tun ajin farko: kowane awo yana tafe da kuskurensa. Shi ya sa a gasar duniya ta Ƙatar a 2022 aka dasa na'ura cikin ƙwallon kanta, mai aika bayani sau 500 a daƙiƙa, don a gane lokacin bugu.

Hukunci kuwa wani abu ne dabam, kuma nan ne ciwon yake. Mai karatu zai tuna 26 ga Yuni, 2018, lokacin da ƙwallo ta sauko daga kan Marcos Rojo na Ajantina ta bugi hannunsa. Alƙali Cüneyt Çakır ya kalli hoton, ya hana Nijeriya fanareti, sannan Rojon nan ya ci ƙwallon da ta kore mu. Babu wanda ya musa cewa ƙwallo ta taɓa hannu. Abin tambaya shi ne ko da gangan ne, kuma niyya ba ta fitowa a hoto. Bugu da ƙari, rage saurin hoto yana yaudarar ido. Wani bincike na Jami'ar Leuven ta Beljiyam a 2018 ya nuna cewa alƙalan wasa sun fi tsananta hukunci idan suka kalli ƙeta a hankali, domin abin da ya faru cikin ƙiftawar ido sai ya yi kama da shiri. Ƙa'idar VAR ma ta ce a duba ƙarfin karo da saurinsa na ainihi.

Game da daren Bouaké, ko da zai ɓata wa abokan zamana rai, hukuncin daidai ne: ƙafar Alhassan ta sami Tau, kuma daga nan harin ya faro. Na Rojo ne har yau nake jayayya a kansa, da alƙalin, mutumin Turkiyya, wanda ya kalli hoton da muka kalla ya fahimci wani abu dabam.