Gargaɗi Game da Dutse da Iskar Ɗaki

Ya ku malamai da attajirai na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Tambaya ta taso game da allunan dutse masu sheƙi da a ke kira giranit, waɗanda masu hali su ke sayowa daga Kano da Kaduna su shimfiɗa bisa teburin ɗakin girki. Waɗansu sun ce guba a ke kawowa gida, waɗansu sun ce zancen banza ne. Ra'ayinmu shi ne, haɗarin allon nan ƙanƙane ne, amma wanda ya tsaya a kansa kaɗai ya bar jaki yana dukan taiki.

Ga asalin al'amarin. A cikin irin wannan dutse akwai ɓurɓushin ma'adinin yuraniyam, wanda a ke haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar. Ma'adinin yana ruɓewa sannu a hankali, har ya haifi wata iska mai suna radon. Ba ta da launi, ba ta da wari. A sarari takan baje ta bi iska, ba ta cutar kowa. In kuwa ta taru a rufaffen ɗaki, mutum ya yi ta shaƙa shekara da shekaru, ɓurɓushinta yakan maƙale a huhu, ya riƙa ƙona shi da wani irin tururi mai ratsa tsoka, har abin ya zama sankara. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na sankarar huhu daga radon ne, kuma ba abin da ya fi ta jawo wannan ciwo sai taba. Mai shan taba kuwa, haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha wajen sau 25.

A shekarar 2008 tsoron teburin giranit ya kama mutanen Amurka. Hukumarsu mai kiyaye muhalli ta ce da wuya allon dutse ya cika ɗaki da radon, gama mafi yawanta daga ƙasar da gida ya ke zaune a kai ta ke fitowa. Hankali ma ya yarda da haka. Allo kamu kaɗan ne, ƙasa kuwa ta malale ƙarƙashin gida duka, iskar tana hawowa ta tsagar daɓe da gindin bango. To, yawancin ƙasar Kaura da Zurmi bisa tsohon dutse ta ke, dangin dutsen Kwatarkwashi. Wannan bai nuna kowane gida yana da aibi ba, domin gidaje biyu maƙwabta sukan bambanta ƙwarai. Awo kaɗai ke raba gardama.

Dutsen da ya fi cancantar tsoro shi ne wanda a ka kwaso daga ramin ma'adinai. A ƙasar Jos, rairayin da masu haƙar kuza su ka zubar yana fitar da tururin nan fiye da ƙasa ta al'ada, ga shi an yi gini da shi. A Akokan, kusa da Arlit, masu bincike sun auna tituna a 2009, su ka sami wuraren da tururin ya ninka na al'ada sau ɗaruruwa, saboda an yi ciko da tarkacen ramin yuraniyam. Mu Zamfarawa ba sai an ba mu labarin nesa ba. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, an riƙa daka dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar dalma ta kashe yara fiye da 400. Dalma daban, radon daban, amma ƙofar da su ka shigo ɗaya ce, watau dutsen da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Saboda haka mu na kira ga attajirai. Wanda ke sayar da allon dutse ko tsakuwa ko yashi, a Kaura ko a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, lalle ya san inda kayansa su ka fito, ya faɗa wa mai saye gaskiya. Kada arha ta sa ya ɗauko tarkacen rami. A yanka dutse a fili, ana zuba masa ruwa, domin ƙurarsa ma tana ɓata huhun mai yanka.

Ku kuma malamai, ku ne ke da zauruka da ɗakunan da almajirai ke kwana a cunkushe. Mun sani sanyin hunturu da sauro da tsoron ɓarayi su kan sa a toshe tagogi. A buɗe su da rana iska ta ratsa, a liƙe tsagar daɓe da siminti, mai sabon gini ya fitar da taga biyu masu duban juna, a hana shan taba a ɗakin kwana. Duk wannan ba ya cin kuɗi mai yawa.

Sauran magana ga hukuma. Akwai ɗan ma'auni da a ke ajiyewa a ɗaki kamar wata 3, sa'an nan a karanta shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta so kada awon ya wuce bekerel 100 a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi ta iskar ɗaki, in ya yi tsanani kada ya haura 300. Nijeriya tana da hukumar kula da al'amuran nukiliya a Abuja, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana da cibiyar binciken makamashi mai masanan wannan fanni. Mu na roƙon Gwamnatin Zamfara ta haɗa su da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura, a fara auna makarantu da asibitoci, a sanar da jama'a sakamakon da Hausa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyashe mu da cutar da ido ba ya gani.