Wanda Ya Harbi Uwar Kifi, Iri Ya Harba

Akwai wani wasa na masu hannu da shuni da ke ƙara bunƙasa a tekunan duniya. Mutum zai sa madubin ido da dogayen takalman iyo, ya ja numfashi ɗaya, ya nutse mita 20 ko fiye riƙe da bindigar mashi mai aiki da roba, ya laɓe a jikin dutse yana jiran kifi ya gifta. Kamfanonin yawon buɗe ido na kwaso irin waɗannan maharba daga Turai da Amurka da Ostireliya zuwa gaɓoɓin da ko hanyar mota babu, a Mozambik da Madagaska da Tanzaniya da tsibiran Indonisiya. Tallarsu ɗaya ce: a nan manyan kifaye suka rage, a nan za ka kafa tarihi. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su IUSA masu ajiye kundin bajinta, inda ake rubuta nauyin kifi da sunan maharbi da wurin da ya harbe shi. A ganina illar wannan wasa tana cikin sikelin da ake auna bajintar. Muddin nauyin kifi ne ke ba da kambu, maharba za su ci gaba da cinye irin da teku ke hayayyafa da shi.

Dalili kuwa a jikin kifin yake. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2018 ya nuna cewa ƙwan macen kifi yana ƙaruwa fiye da yadda nauyinta ke ƙaruwa. Misalin da aka bayar shi ne kod, kifin nan da ake busarwa a Norway a kawo kasuwanninmu: mace ɗaya mai kilo 30 ta fi mata 28 masu kilo bibbiyu yawan ƙwai, alhali su a haɗe sun kusa ninka ta nauyi. Dangin gurufa, waɗanda maharba suka fi kwaɗayi, nasu ya fi haka tsanani. Gurufan Bahar Rum yana fara rayuwa a mace, sai ya shekara da yawa ya yi girma sannan ya rikiɗe namiji. Wanda ke bin manya yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mazan wurin yake ƙararwa, kamar makiyayin da ke yanka bijiman garkensa yana mamakin rashin maruƙa.

An riga an ga inda wannan hanya take kaiwa. A Florida, ƙaton gurufan da ake kira goliyat, wanda aka taɓa kama mai kilo 308 da ƙugiya a 1961, ba ya gudun mutum, kuma yana taruwa a wurare sanannu lokacin zuba ƙwai. Masu mashi da masu ƙugiya suka yi masa ca, har aka haramta kama shi baki ɗaya a 1990. Sai a 2023 aka sake buɗe ƙofa, ita ma ƙanƙanuwa: kifi 200 a shekara, matsakaita kaɗai, kuma ban da mashi. Faransa ta dakatar da harbin gurufa a gaɓarta ta Bahar Rum tun 1993, daga nan ya fara dawowa. A Key West ta Florida, wata mai bincike, Loren McClenachan, ta bi tsoffin hotunan da masu yawon su ke ɗauka da kifin alfaharinsu, ta gano matsakaicin nauyinsa ya faɗo daga kusan kilo 20 a 1956 zuwa kilo 2.3 a 2007. Hotunan ba su daina nuna mutane suna murmushi ba, kifin ne ya yi ta ƙanƙancewa. Wannan shi ya sa maharban yau ke biyan kuɗin jirgi zuwa gaɓar Afirka: na kusa da gida ya ƙare.

Masu kare wasan suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mai mashi yana ganin abin da zai harba, ba kamar taru ba da ke kwaso kunkuru da 'ya'yan kifi a zubar. Gaskiya ne, amma zaɓen nan shi ne damuwar, domin wanda ke neman suna a kundi babba zai zaɓa kullum. Suna kuma cewa abin da duk maharba ke kashewa bai kai cikin cokali ba a kan na manyan jiragen su na kamfanoni. Wannan ma haka yake idan ana maganar kifin tsakiyar teku mai yawo ƙasa-ƙasa. Amma kifin duwatsun murjani mazaunin gida ne, yakan shekara da shekaru a kogo ɗaya, inda jirgin kamfani ba ya iya jan taru. Wurin da ya tsira daga jirgi, mai nutso ne ke isa gare shi, kuma 'yan mutane kaɗan sun isa su share manyan dutse guda cikin kaka ɗaya.

Sai batun kuɗi. Baƙin suna hayar kwale-kwale, suna biyan masauki, suna barin nama ga mutanen ƙauye. Tambayar ita ce har zuwa yaushe. Ranar da manyan suka ƙare, kamfani zai naɗe tabarmarsa ya nemi wata gaɓar, masuncin da ba shi da inda za shi ya zauna da dutse fayau. Kifin da aka bari da rai kuwa, masu nutso don kallo za su biya su gan shi bana, su dawo baɗi. Wani zai ce ai mu ma a Argungu wanda ya fito da giwan ruwa mafi girma shi ke cin kyauta, tun 1934. Haka ne, sai dai a duba tsarin: kogin Matan Fada yana da Sarkin Ruwa, ana hana su a wurin har ranar biki ta zo, ana shiga da homa da gora na ɗan lokaci a fito, kuma masu kogin ne ke riƙe da dokarsa. Baƙon da ya sauka a gaɓar da ba mai tsaro, ba wanda ke ce masa ya isa.

Gyaran ba ya buƙatar a kashe wasan. Ƙungiyar IGFA ta masu ƙugiya ta buɗe kundin tsawo tun 2011, inda ake auna kifi a sake shi. Wanda aka soke da mashi ba ya sakuwa, don haka masu kundin mashi sai su cire duk nau'in da ke cikin barazana, su bar ba da kambu a kansa. Ƙasashen da ake zuwa kuma su kafa doka tun kafin ɓarna: iyakar girma ta sama da ta ƙasa, rufe wuraren zuba ƙwai, hana harbi da tukunyar iska ko da dare kamar yadda Tarayyar Turai ta yi a Bahar Rum a 2006, da ba masuntan yankin rabo da iko. Mai neman gasa ma yana da inda zai nuna kansa, domin a Karebiyan ana shirya gasar harbin kifin zaki, baƙon da ya addabi na gida. Florida ta jira shekara 33 kafin ta sake taɓa goliyat. Ƙauyen masunta a Mozambik ba shi da abincin da zai ci yana irin wannan jira.