TARO YA WATSE, INA MAKOMAR MAGINA?

Ya 'yan'uwa na rassanmu na Gaya da Tanda da Bengu da Tunuga da Yelu, da sauran garuruwan kasuwa na ƙasar Dendi. Maganar da za mu yi a wannan fitowa maganar gini ce, watau abincin birkila da kafinta da mai walda da lebura da mai amalanken yashi. Kullum aka ce ƙasarmu za ta karɓi baƙuncin wani babban wasa, sai a ce wa talaka ya yi murna, wai aiki ya zo, kasuwar gini za ta buɗe. To, mun ga irin wannan biki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya kamata mu zauna mu yi lissafi, mu ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

ABIN DA AKA YI A YAMAI

Daga ran 7 zuwa ran 17 ga Disamba 2005, zamanin Shugaba Tandja Mamadu, birnin Yamai ya sauki wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci, karo na 5. 'Yan wasa da makaɗa da masu zane wajen 2,500 suka hallara. Domin saukarsu aka gina unguwa guda, wadda ta ci sunan bikin, aka gyara babban filin wasa na Janar Seyni Kunce wanda 'yan Sin suka gina a 1989, aka shafe bangaye, aka toshe ramukan tituna. Ba mu musun cewa an yi bikin lafiya, baƙi sun koma gida suna yabon karamcin 'yan Nijar.

Amma fa kada a manta wace shekara ce 2005. Ita ce shekarar da fara da ƙarancin ruwa suka jefa Maraɗi da Tawa da Damagaram cikin yunwa. Ita ce kuma shekarar da jama'a suka fito titi a watan Maris saboda harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora a kan kayan masarufi. Watau a lokacin da ake auna hatsi da tiya ana ƙirga bakunan yara, a lokacin ne motocin siminti da rodi suke keta Gaya suna wucewa arewa. Mutanen Gaya sun ga wucewarsu, sun sha ƙurarsu, iyakar rabonsu ke nan.

Da baƙi suka tafi, sai kasuwar ta kwanta. Dalili kuwa a fili yake. Ginin biki yana da ranar ƙarewa. Ana ɗibar lebura ɗari a yau, a sallame su ran da aka yanke ƙyalle. Ba a kuma ware kuɗin gyara, gama gyara ba shi da kiɗa, ba shi da hoto. Ga shaida: filin nan na Seyni Kunce ya kai matsayin da hukumar ƙwallo ta Afirka ta ce bai cika sharaɗi ba, har ƙungiyarmu ta Mena ta buga wasanta na gida da Tanzaniya a Kwatano a 2022, ta kuma karɓi Aljeriya a Tunisiya a 2023. Mai gida ya zama baƙo a gidan aro. Ba mu kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun kashe dukiya mai yawa a filin wasa na Abuja domin wasannin Afirka na 2003, bayan 'yan shekaru ciyawa ta cinye shi, sai da aka sāke neman kuɗin gyara.

WA YA RIƘE KWANGILA?

Wannan ita ce tambayar da ba a so a yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan aka ce gini tilas ya ƙare kafin rana kaza, to ba za a tsaya jiran ɗan kwangilar gida wanda banki ba ya ba shi rance, wanda kuma yake bin Gwamnati bashin aikin bara ba. Sai a kira babban kamfani daga waje, ya zo da injinansa da injiniyoyinsa, wani lokaci har da kuɗinsa na bashi. Haka aka gani da taron ƙungiyar ƙasashen Afirka na watan Yuli 2019, wanda ba wasa ba ne, amma tafiyarsu ɗaya: kamfanin Summa na Turkiyya ya sāke filin jirgin sama na Diori Hamani, ya gina babban otal, ƙasar Indiya kuma ta ba da zauren taro na Mahatma Gandhi. Gine-gine ne masu kyau, ba mu ƙi ba. Amma ɗan ƙasa a wurin me ya riƙe? Shebur da baro. Ilimin aikin ya hau jirgi ya koma inda ya fito.

Mu nan Jihar Dosso mun ɗanɗana namu. A 2014 bikin 18 ga Disamba ya faɗo a kan Dosso, aka sa masa suna Dosso Sogha, aka yi tituna da gidajen baƙi. A shekarar nan ce kuma kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Yamai zuwa Dosso, wajen kilomita 140, aka ce za ta biyo ta Gaya ta haye kogi ta haɗu da tsohuwar hanyar da ta taso daga Kwatano ta tsaya a Faraku. An yi bikin buɗewa a farkon 2016. Rigimar shari'a ta tashi a Benin a kan wanda ke da haƙƙin aikin, ƙarfen ya tsaya a Dosso, bai iso Gaya ba, bai kuma ɗauko buhun siminti ko ɗaya ba. Hanyar da aka faro daga ƙarshe, ba daga bakin teku ba, ina za ta kai kaya?

A Disamba 2024 kuma aka yi kokowar takobi ta ƙasa, karo na 45, a filin Salma Ɗan Rani na Dosso. Ita kokowa tamu ce, tun 1975 take zagaya jihohi, ba wanda ya aro mana ita. Filinta ba ya bukatar injiniya daga bayan teku. Duk da haka ita ma sai an ji ganga ta matso sa'an nan a tuna da fenti.

INA KASUWA TA DOSA?

Wanda ke son ya san gobe ta magina, kada ya dubi filin wasa. Ya dubi abubuwa uku.

Na farko, hanya. Nijar ba ta da teku. Daga Kwatano zuwa Yamai ya ɗara kilomita 1,000, kuma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ita ce ƙofar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gadar. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma ƙofar ba ta buɗe ta gefenmu ba a wannan shekara, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, mutane kuma suka koma hawan kwalekwale. Kowane kilomita da aka ƙara, a kan rodi da kwano da ƙusa yake sauka. Mai gini ya tsaya a linta, birkila ya zauna a gindin bedi. Ba wanda ya san ciwon wannan kamar 'yan dako da direbobi da masu sayar da abinci na bakin duwan na Gaya.

Na biyu, siminti. Ƙasarmu tana da dutsen siminti a Malbaza, ana kuma toya shi can tun shekarun 1960. Sabuwar masana'antar da aka kafa a wurin an yi ta ne domin tan 650,000 a shekara. Ga kuma na Sakkwato da ke shigowa ta Kamba. A 2024, bayan ambaliyar da ta rushe dubban gidaje har da tsohon masallacin Damagaram, Gwamnati ta karya farashin siminti. Doka ce mai kyau, amma doka a takarda take, buhu kuwa a shago yake. Tsakanin takarda da shago akwai masu ɓoye kaya.

Na uku, bukatar talaka. Jama'ar Nijar tana ninkuwa cikin shekara kamar ashirin. Kowace shekara ana koyar da yara a rumfunan kara waɗanda wuta ke ci. Gidajen likita na ƙauye ba su da ɗakin haihuwa. Raken Gaya da shinkafar fadama da albasa suna lalacewa don babu sito, babu hanyar da mota za ta bi cikin Agusta. Wannan ita ce kasuwar gini ta gaskiya. Ba ta da ranar rufewa, ba ta kuma fi ƙarfin maginin gida ba. Aji uku a Bana, magudanar ruwa a Gaya, rumfunan kasuwa a Junju, duk aikin da ɗan Dendi zai iya ne da jar ƙasa da tsakuwa da yashin kogi. Kurmin giginyar Dallol Mauri, wanda ya rufa ɗakunan kakanninmu da azara, shi ma dukiya ce, muddin wanda ya sare ɗaya zai shuka goma.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne: babban wasa yakan ɗaga kasuwar gini shekara ɗaya ko biyu a birni guda, sa'an nan ya sake ta. Abin da zai riƙe ta shi ne ƙananan ayyuka masu yawa, a garuruwa masu yawa, waɗanda ake biya a kan lokaci.

AIKIN RASSA

Ba mu rubuta wannan don a karanta a naɗe a sa a aljihu ba. Muna son kowane reshe ya yi waɗannan abubuwa kafin damina ta sauka.

1. A rubuta sunayen magina da kafintoci da masu walda da masu buga bulo na garinku, da irin aikin da kowa ya iya. Ranar da aka ce babu gwani a gida, a fito da takarda.

2. A zaga a ƙirga gine-ginen hukuma da aka fara aka bari, da waɗanda aka gama suka tsage. A rubuta shekarar da aka fara kowane, da abin da allon aikin ya ce.

3. Duk ranar kasuwa a rubuta kuɗin buhun siminti da na rodi da na bandir ɗin kwano, a aiko mana. In muka jera na gari goma, mai ɓoye kaya ba zai sami wurin ɓuya ba.

4. In hukumar gari ta zauna a kan kasafin kuɗi, wakilanku su tambaya nawa aka ware domin gyara. Ginin da ba a ware masa kuɗin gyara ba, kango ne ake ginawa.

5. A nemi duk kwangilar da aka bai wa babban kamfani a ƙasar Gaya ta ƙunshi sharaɗin ɗaukar samarinmu su koyi aiki, a kuma ba su takardar shaida in sun gama.

6. A tsaya wa lebura a biya shi ladansa ran da aka yi alkawari. Wanda aka hana haƙƙinsa ya zo reshe, a raka shi wurin hukumar aiki.

Ba mu ƙin wasa. Ranar da ɗan Dosso ya ka da abokin karawarsa, mu ne kan gaba wajen ihu. Abin da muka ƙi shi ne a maishe mu 'yan kallo a wurin aiki kamar yadda muke 'yan kallo a wurin wasa. Gaya ta daɗe tana buɗe wa kayan ginin wasu ƙofa. Lokaci ya yi da za a sauke wani abu a nan.

Sakataren kowane reshe ya karanta wannan takarda a taron mako, ya fassara ta da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci ga waɗanda ba su ji Hausa sosai ba, ya kuma aiko da amsar lamba 1 da lamba 2 tare da mai kawo takarda ta gaba.